Daminar da Aka Yi da Moɗa

Bazarar bana ta zo da irin zafin da ke sa mutum ya tsani rigar jikinsa. Tun kafin hantsi ƙasa ke ɗaukar wuta, awaki su manne da katanga suna haki, kaji su saki fukafukai su buɗe baki. Tafkin garinmu, wanda a tsakiyar damina ya tumbatsa har ya ci gida uku a unguwar gabas, yanzu babura ke ratsa cikinsa don yanke hanya. Haka damina ta koma mana a 'yan shekarun nan. Ruwan wata guda sai ya sauko a yini ɗaya, ya kwashi yashin gonaki ya juye a tafki, sannan sama ta yi ɗif har kwana ashirin. Tafkin da a da raƙumi ke nutsewa a cikinsa ya cike ya zama faranti. Fanfon tuƙa-tuƙa ɗaya gare mu, layin jarkoki kuwa yakan kai har bakin masallaci.

Ni ne Malam Sa'idu. Shekara talatin da biyar na koyar a firamaren Kukar Jatau, ƙauyenmu da ke tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma tun da na yi ritaya ba ni da wurin zama sai gindin babbar darbejiyar da ke farfajiyar makarantar. A nan wata farar mota ta same ni ran wata Litinin. Wata matashiya ta fito rungume da jaka, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta ce sunanta Injiniya Rifkatu. Mahaifinta mutumin Filato ne, aikin gwamnati ya kawo shi Gumel, a can aka haife ta. Hausarta ta fi ta jikokina tsabta.

"Baba, kai ne ka riƙe ma'aunin ruwan sama na makarantar nan a da?"

Fiye da shekara arba'in ba wanda ya yi mini wannan tambaya.

Ta zauna a gefen tabarmata ta buɗe kwamfuta. Ta ce hukumar da ta turo ta za ta yashe tafkuna a ƙasar Gumel, amma katafila ba za ta isa kowane gari ba, dole a zaɓa. Aikinta shi ne ta tattaro tsoffin littattafan awon ruwan sama, da irin ƙasar kowane wuri, da inda gangare ya nufa, ta ba kwamfuta. Ita kuma ta lissafa ruwan da ke shiga kowane tafki, da wanda rana ke sha, da wanda ƙasa ke tsotsewa, ta nuna tafkin da zai riga ƙafewa a shekarun da ke tafe, tunda yanayi ya sauya. Garin da ya fito ja a taswira, shi za a fara kai wa katafila. Wanda ya fito kore, sai ya jira.

Ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Daga Gagarawa har Maigatari ja ne wur. A tsakiya ga ɗigo ɗaya kore shar, kamar ganyen zogale a jar miya.

"Kukar Jatau ke nan," in ji ta. "Littafinku shekara shida kawai ya yi kafin a ɗauke ma'aunin, amma cikin shidan akwai shekarar babban fari, kuma a shekarar ku kaɗai kuka samu ruwa a duk yankin nan. Sai kwamfuta ta ɗauka garinku a kan hanyar hadari yake. Ni kuma yanzun nan na wuto ta cikin tafkinku da mota. Abin da ya kawo ni, Baba, sau tara aka rubuta ruwa cikin wata biyu, kuma duk taran lamba ɗaya ce, ba ƙari ba ragi. Tun da nake aikin nan ban taɓa ganin sama ta auna ruwa daidai haka ba."

Na ce mata tsufa ya cinye mini tunani. Ta dube ni, ba ta ƙaryata ni ba. Ta ce manyanta ba za su yarda ta cire shekara guda daga lissafi don kawai ba ta yi mata daɗi ba. A aikinsu, abin da mutum ya auna da hannunsa ya sa hannu yana da nauyi, kuma ba mai warware shi sai wanda ya sa hannun, da bakinsa, a gaban shaidu. Ran Alhamis za ta dawo ta gana da Bulama da mutanen gari. Daga nan za a rufe jerin sunaye.

Ba abin da na manta. Da ma a ce na manta.

A shekarar ina ɗan saurayin malami, aurena da Asabe bai cika shekara biyu ba. Malamin gona ne ya kawo ma'aunin ya kafa a farfajiyar makaranta: gwangwanin ƙarfe mai mazurari a baki, da wata siririyar kwalba mai zane-zane a jiki. Ya koya mini in zo kowace safiya in juye abin da na tarar cikin kwalbar, in karanta, in rubuta, in sa hannu. Har rantsar da ni ya yi cewa ba zan rubuta sai abin da idona ya gani a kwalba ba. Ya bar mini littafi mai baƙin bango da ɗan dashen darbejiya a leda, ya ce in dasa kusa da aji. Na riƙa jin kaina wani babba, ina ratsa gari da littafi a hammata.

Mun yi binne tun bazara, kamar yadda muka saba, muka zuba iri a busasshiyar ƙasa muna jiran sama. Ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya tashi, gero ya tsiro layi-layi. Daga nan shiru. Kwana goma, kwana goma sha biyar, shuka ta murɗe ta koma kamar zare, iska ta binne ta da yashi. Aka yi wani yayyafi muka sake shuka, ta sake ƙonewa. A karo na uku sai da mata suka kakkaɓe gindin rumbu kafin a samu iri. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso da sanyi-sanyi, mata su fito da tukwane da ƙore su jera a tsakar gida. Sai ka ga ya yage biyu, rabi ya yi kudu rabi ya yi arewa, a bar mu da tukwane a bushe. Mun fita roƙon ruwa sau uku, da tsofaffi da dabbobi, muka dawo ƙafafunmu na ƙuna.

Tafki ya ƙafe tun kafin azumi. Rijiya ɗaya ta rage, mai zurfin gaba talatin da wani abu, ita ma sai an jira ta tara. Da an idar da sallar asuba maza huɗu-huɗu ke kama igiya suna ja, wasaki ya fito da rabin ruwa rabin laka, mata na tsaye da tuluna, kowane gida tulu biyu ba ƙari. Asabe na da ciki wata shida a lokacin. Takan dawo da tulu a ka, jijiyoyin wuyanta a miƙe, ta sauke, ta koma ta ɗauko na biyu. Sai ta bar shi ya kwanta, ta tace da tsumma, ta raba. Na sha a randa, na girki a tukunya. Wanda aka wanke hatsi da shi ba a zubarwa, shi ake dama kunu da shi. Wanda aka wanke kwano da shi na akuya ne. Wanka kuwa sai Juma'a, da ruwan da bai fi cikin ƙwarya ba, mutum na tsaye cikin daro don kada ko ɗigo ya ɓata. A bakin randar akwai moɗa, wani ɗan kofin silba mai lanƙwasasshen hannu da ta zo da shi cikin kayan aurenta. Da ita ake auna ran kowa a gidan.

Abinci ya koma sau ɗaya a yini. Daga tuwo aka koma kunu, daga kunu aka koma ganye. Mata su tafi daji rukuni-rukuni su tsinko tafasa da yaɗiya, a dafa, a barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. Dusar da muke ba dabbobi ta koma tukunya. A aji yara kan kifa kai a kan benci tun kafin tara ta yi, ni ma ba na tashinsu.

Ana cikin haka Bulama Mamman, mahaifin Bulaman yanzu, ya aiko kirana. Na same shi a zaure shi kaɗai, yana fifita da mafici.

"Malam, me kake rubutawa a littafin nan naka?"

"Abin da na tarar, ranka ya daɗe. Babu."

"Kullum babu?"

"Kullum babu."

Ya yi tsaki. Ya ce labari ya zo masa cewa gwamnati za ta kafa gonar iri, da tarakta da rumbun taki, ko a garinmu ko a Tsamiyar Lele, maƙwabtanmu na yamma, kuma inda ruwa ya fi sauka nan za a kai. "'Yan Tsamiyar Lele, da kakanninmu suka ba su wurin zama, su ne za mu riƙa zuwa roƙon tarakta a ƙofarsu? Kai ko baƙo ne ya tambaye ka ya ruwa, ai ce masa kake ya yi gyara, ko da gonarka ta ƙone. Gari ba ya tallan yunwarsa. To takarda ta fi baƙo ne?"

Na ce masa an rantsar da ni.

"A kan me aka rantsar da kai?"

"Ba zan rubuta sai abin da na gani a kwalba ba."

Ya yi murmushi, irin na wanda ya gama ciniki. "Wa ya ce ka yi ƙarya? Allah ya kiyaye. An ce ka rubuta abin da ka tarar a gwangwani. To, ka tarar da wani abu mana."

Da ma zan iya cewa tsorata ni aka yi. Ba wanda ya tsorata ni. Cewa ya yi in gonar ta zo ai za a nemi mai ilimi ya riƙe ta, ni kuwa nan take na hango kaina a kan babur da hular kwano. Har yau in na tuna yadda na fito daga zauren nan ina jin daɗin dabarar, ina ganin mun yi wa rantsuwa wayo, sai in ji kamar in tofa wa kaina yawu. Da ƙaryar kai tsaye na yi, in zauna in ƙirƙiri lamba, da ko ba komai ban taɓa ruwan kowa ba. Amma ni mai tsoron Allah ne wai, sai na ga ruwa a kwalba da idona.

A makaranta babu ruwa. A duk garin babu ɗigon da ba ya ƙarƙashin idon wata mace. Don haka washegarin wata rana da hadari ya haɗu ya watse, na cika moɗa daga randa, na rufe da tafin hannu na nufi ƙofa. Asabe na tankaɗe a bakin murhu.

"Malam, ina za ka da ruwa?"

Ban shirya amsa ba, amma ta zo mini da sauri har na ji tsoron kaina. "Ɗan dashen nan na makaranta ne ke neman mutuwa."

Ta ajiye rariya. "Allah sarki. Ita ma rai gare ta. Kai mata."

Daga ranar ita da kanta take tuna mini. In kwana biyar ya wuce ban ɗauka ba sai ta ce, "Malam, ka manta da 'yar itaciyarka." Ta cika moɗar har baki, kullum daidai wurin da hannun ya lanƙwashe, ta miƙo mini da hannu biyu. Daga baya na lura ran da ta ba ni, ba ta shan nata na rana. Na gani, na kau da kai. Ni dai ina zaɓen ranakun da aka ga hadari, don ƙaryar ta samu inuwa.

In na isa sai in waiga, in tuttula a mazurari. Har yanzu ina jin ƙarar, ƙwal-ƙwal-ƙwal, a cikin gwangwanin da ya yi wata bai ga ruwan sama ba. In juye a kwalba, in ɗaga ta saitin ido kamar yadda aka koya mini, in karanta da natsuwa, in rubuta da kyakkyawan rubutuna, in sa hannu. Sannan ga ruwa a kwalba, ga ɗan dashen darbejiya taku uku daga inda nake tsaye, ganyensa biyar duk sun yi yaushi. Ko sau ɗaya ban zuba masa ba. Shanyewa nake yi. Ruwa mai ɗumi, mai ɗanɗanon ƙarfe, in lashe bakin kwalbar in goge gemu. Sau tara na yi haka.

Kaka ta zo ba abin da aka yanka. Gonar da ke ba ni dami arba'in ban ɗaure uku ba, su ma kan kamar wutsiyar ɓera. Sai muka ji an fara rabon hatsin agaji. Manyan motoci suka riƙa wucewa ta hanyar Maigatari, muna tsaye a bakin titi muna shaƙar hayaƙinsu. Sun tsaya a Tsamiyar Lele, sun sauke buhuna har yamma. Mu ko birki ba su taka ba. Bulama ya sa babbar riga ya tafi Gumel kai kuka, ni ne ɗan rakiya. Jami'in ya saurare shi har ya gama, sannan ya jawo takarda ya ɗora yatsa a kan sa hannuna.

"Bulama, ai ku sai godiya. Allah ya yi muku ruwa sau tara lokacin da kowa ke kuka. Ku bar wa waɗanda ba su samu ba."

Da muka iso gida, Bulama ya tara mutane ya ce musu ma'aikatan birni azzalumai ne, ba su san Allah ba, jama'a suka yi ta tsine musu, ni ma ina cikin masu cewa amin. Gonar iri kuwa ba ta zo mana ba, ba ta je Tsamiyar Lele ba. Har yau ban san ko an taɓa niyyar kafa ta ba.

Rabin mazan gari suka watse ci-rani, wasu Kano, wasu har Ikko, da yawa ba su dawo ba. Asabe ta haihu namiji, ɗan mitsitsi, nono bai zo ba sai kaɗan. Ya yi kwana goma sha ɗaya. Ban ce moɗa tara ce ta kashe shi ba, rai na Allah ne. Amma na san buhun dawar da ya shiga kowane gida a Tsamiyar Lele, na kuma san hannun da ya tare shi daga shiga nawa.

Darbejiyar kuwa, da yake ita ba ta san zuciya ba, ta rayu da kanta. Damina ta gaba ta yi tsawon mutum, bayan shekara goma ta rufe rabin farfajiya. Asabe ta riƙe ta kamar 'ya. "Itaciyata" take ce mata. Duk baƙuwar da ta zo gidanmu sai an kai ta ta gani, duk jikan da ya yi wayo sai ya ji labari: "Shekarar fari, ina da ciki, da ruwan bakina na raine ta. Ɗana bai tsaya ba, amma ita ta tsaya." Ni kuma ina gefe ina gyaɗa kai. A inuwarta na yi ritaya, a inuwarta nake gyangyaɗi, ba kunya ba tsoron Allah.

Ran Laraba na je wurin Bulama Haruna. Ɗalibina ne, ni na koya masa baƙi da wasali, amma yanzu ni ke cire takalmi a ƙofarsa. Na gaya masa komai. Ya daɗe yana murza carbi.

"Malam, don Allah ka bar mahaifina ya kwanta. Ka ce ma'aunin ne ya lalace."

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan ba ta cin wannan. Lalataccen gwangwani ba ya haifar da ruwa ran da ba a yi ba."

"To ka ce kuskuren ƙuruciya ne, kai kaɗai."

"Nawa zan ɗauka, ba zan rage ko ƙwaya ba. Amma ba zan ɗauki kayan mutum biyu ba, wuyana ya tsufa."

Ya ce in yi tunanin sunan gari. Na ce sunan garin nan ne ya kai mu inda muke, shi muka yi wa ado muka kwana da yunwa. Na fito raina a ɓace, amma ba Bulama ne ke damuna ba. Abin da ke cin raina shi ne Rifkatu ta ce lallai mata su halarci taron, tunda su ne masu ɗaukar ruwa.

Ran Alhamis aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar, don ita ce inuwa mafi girma a garin. Maza a gaba, mata a gefe. Asabe na cikinsu, ta jingina da jikin itaciyar kamar yadda ta saba. Rifkatu ta yi bayaninta, ta ɗaga kwamfuta kowa ya ga ɗigon kore. Aka fara gunaguni, wani ya ce an ci kuɗinmu ne, wani ya ce aikin 'yan Tsamiyar Lele ne. Sai na dafa sanda na miƙe.

Na faɗi zaure, na faɗi gonar iri, na faɗi dabarar rantsuwa. Na faɗi moɗa, da randar da take fitowa, da ƙaryar da na yi kafin a ba ni ita. Na faɗi abin da jami'in Gumel ya nuna mana, da tsinuwar da muka sa aka yi wa waɗanda ba su ci ba su sha ba. Ban dubi ɓangaren mata ba. Da na gama, wani tsoho da ƙannensa biyu suka tafi ci-rani a shekarar ba su dawo ba ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya tofar da yawu a gabana ya tafi. Ban ga laifinsa ba.

Rifkatu ta rubuta abin da na faɗa, ta karanta mini, na sa hannu, liman da mutum biyu suka sa. Hannun nan dai, rubutun nan dai mai kyau. Ta cire ranakun tara, ta danna, muka zuba wa kwamfuta ido tana aiki. Can sai ɗigon ya rikiɗe ya zama ja, har ya fi na maƙwabta duhu.

Wallahi sai ga maza sun ɓarke da murna. "Alhamdu lillahi, mun yi ja! Mun fi Tsamiyar Lele ja!" Har da masu tafawa. An nuna musu a fili cewa tafkinsu ne zai riga na kowa mutuwa, su kuwa abin da suka gani shi ne sun ci gasa. Da Rifkatu ta ce za ta kafa sabon ma'auni a makarantar, Alhaji Ɗanlami, mai motocin da ke kai kaya tsallaken iyaka, ya matso kusa da ni yana raɗa, amma raɗar da kowa ke ji.

"Malam, wannan karon sai a riƙa kifa masa faifai ran da aka yi mai yawa. Kada mu koma kore."

Na dube shi, na ga Bulama Mamman sak, ba abin da ya sauya sai agogon hannu. Rifkatu ce ta amsa masa, ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Alhaji, da wannan awon za a san zurfin da za a haƙa da faɗin mafitar ruwa. In kun rage, za a yi muku ƙaramin tafki, ran da babban ruwa ya zo ya bi ta cikin ɗakunanku. Ni sunanku kawai zan kai, ban yi alkawarin katafila ba. Amma abin da kuka ba ni shi zan ba kwamfuta, ita kuma shi za ta dawo muku da shi."

Ana shirin tashi sai na ji muryar Asabe. Ba ta taɓa magana a taron maza ba, kuma ba ta ɗaga kai ba.

"Malam."

"Na'am."

"To in ka gama aunawar, ai itaciyar kake zuba wa ko?"

Ƙofa ta buɗe mini, na sani. Kalma ɗaya ce, ba mai ƙaryata ni a duniya, taswira ta riga ta yi ja, gari ya samu abin da yake nema. Tafin hannunta na kan jikin itaciyar. Na ji ƙaryar ta taso da saurin nan nata na da, har ta iso bakina.

"Shanyewa nake yi," na ce.

Ta janye hannunta daga jikin itaciyar ta sa a cinya. Ta tashi ta naɗe tabarmarta ta bi bayan mata.

A gida ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta kawo mini tuwo ta ajiye, ta kawo ruwa a kofin roba na baƙi. Moɗar silbar, wadda har yau ita ce a bakin randarmu duk da ta lotse, na duba ban gan ta ba.

Washegari bayan na dawo daga masallaci na tarar Asabe ba ta nan. Na bi sawu har makaranta. Na hango ta tana tafe a hankali saboda gwiwa, moɗar a hannu biyu, cike har wurin da hannun ya lanƙwashe, ruwan da jikarmu ta yi rabin yini a layi kafin ta samo. Ta durƙusa a gindin darbejiyar, itaciyar da saiwarta ta kai inda guga ba ya kaiwa, wadda ba ta da bukatar ruwan kowa. Ta tuttula a hankali, ƙasa ta tsotse nan take.

"Asabe, ai ba ta bukata."

"Ban tambaye ka ba, Malam. Shekara arba'in ina gaya wa baƙi da jikokina na shayar da ita. Ba zan shiga kabari da ƙaryarka a bakina ba."

Na miƙa hannu in taimaka mata ta tashi. Ta dafa itaciyar ta miƙe da kanta, ta kakkaɓe zaninta, ta kife moɗar ta girgiza ɗigon ƙarshe a kan saiwa.

"Saura takwas," ta ce, ta wuce ni ta nufi gida.